Mata Maniyyata da Ƙwayar Tazarar Haihuwa: Abin da Ya Kamata Hakimai da Magatakarda Su Sani

Kowace shekara, da an soma shirin aikin Hajji, akwai wata damuwa da ke cin mata maniyyata wadda ba ta isowa zauren hakimi, domin kunya ba ta barin a faɗe ta. Ita ce maganar haila. Mace mai haila tana tsayuwar Arfa ran 9 ga Zulhajji, ta kwana a Muzdalifa, ta yi jifa a Mina, amma ba ta yin ɗawafi sai ta yi tsarki. Ɗawafin ifada kuwa rukuni ne, Hajji ba ya cika sai da shi. Saboda haka matar da ta shekara da shekaru tana tara kuɗin kujera takan shiga zullumi, ta nemi dabara wurin maƙwabciya ko mai kemis, kuma sau da yawa dabarar ita ke jawo abin da ake gudu.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne na matan da ke shan ƙwayar tazarar haihuwa, su ajiye ta ana gobe tashi, wai don jiki ya huta. Domin a gane illar wannan, sai an san yadda ƙwayar take.

Yadda ƙwayar take aiki

An fara sayar da ita a Amurka cikin 1957 domin gyaran haila, sa'an nan cikin 1960 aka yarda a sha ta domin hana ɗaukar ciki. Irin da aka fi sani ta haɗa magunguna biyu, tana zuwa a kati mai ƙwaya 28. Guda 21 na farko su ne masu aiki. Bakwai na ƙarshe, masu launi dabam, ba su hana komai. Wani katin 21 kaɗai ne, mace ta huta kwana bakwai. Muddin tana shan masu aikin, jini yakan tsaya. Da ta daina, bayan kwana biyu ko uku sai ya sauko. Watau ba ya jiran wata ya cika. Ranar da aka daina sha, ita ke kiransa.

Ga misali. A ce ƙwaya ta 21 ta faɗo ran 7 ga Zulhajji. In matar ta bi kati yadda ta saba, jini zai zo mata wajen 9 ko 10 ga wata, daidai lokacin Arfa da ifada. Amma in ta tsallake bakwai ɗin, ta buɗe sabon kati ran 8, to, ta sami wasu kwana 21, har 28 ga wata. Likitoci sun yarda da wannan ga mai lafiya, in dai masu aikin duk ƙarfinsu ɗaya ne, kuma jinin ba ya taruwa a ciki kamar yadda ake faɗa a gidajen biki. Sai dai ta tafi da kati uku, tun da alhazan Nijeriya sukan yi wata guda ko fiye a ƙasa mai tsarki, ta ajiye su cikin jakar hannu nesa da rana.

Wadda ta yanke sha a tsakiyar kati kuwa, abu uku ke samunta. Jini ya zo cikin 'yan kwanaki. Lissafin hailarta ya rikice, har wata uku kafin ya daidaita. Kuma tana iya ɗaukar ciki nan da nan. Wadda ta yi niyyar bari gaba ɗaya, to, ta bari tun wata uku kafin tafiya, a ƙarshen kati, don ta san sabon lissafinta tun tana gida.

Akwai wata ƙwayar mai magani ɗaya da ake ba masu shayarwa. Ita duk 28 ɗin masu aiki ne, ba ta tsara haila, kuma galibinta ba ta son a makara fiye da awa uku. A tuna agogon Makka ya riga na Nijeriya da awa biyu.

Wadda ba ta shan komai

Ita likita yakan rubuta mata noretistaron, wanda ake sayarwa da sunan Primolut N, miligiram 5 sau uku a yini, ta fara kwana uku kafin ranar da take tsammani. Yakan jinkirta haila har kamar kwana 17, in ta daina jini ya zo bayan kwana biyu ko uku. Tun da bai kai tsawon zaman ba, sai a auna shi a kan ranakun Hajji kansu. A wannan sha ba ya hana ɗaukar ciki, kuma lalle a tabbata babu ciki kafin a fara. In likita ya zaɓi ya ɗora ta a kan ƙwaya mai magani biyu, ta fara tun wajen Sha'aban, domin sabuwar sha takan ga ɗigon jini cikin wata ukun farko.

Waɗanda maganin ke yi wa haɗari

Nan ne ya fi kamata a kula. Magungunan nan suna ƙara haɗarin daskarewar jini a jijiya, zaman jirgi fiye da awa huɗu yana ƙara shi, tafiya daga Kano zuwa Jidda kuwa ta wuce haka, ga zafi da ƙishirwa a can. Mai hawan jini, da mai ciwon ɓarin kai da ke zuwa da walƙiya a ido, da wadda jini ya taɓa daskare mata, da mai ciwon hanta ko dajin nono, da mai shan taba da ta kai shekara 35, da mai jego da ba ta cika mako shida ba, kada ɗayansu ta sha sai likita ya duba ta. Mai shan maganin tarin fuka ko na farfaɗiya ta faɗa masa, domin wasunsu suna rage ƙarfin ƙwayar. A jirgi ta riƙa motsa ƙafafu, ta sha ruwa. In ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo, ko ƙirji ya riƙe, ko numfashi ya yi wuya, a kai ta wurin likitocin alhazai a sa'ar nan, kada a ce gajiya ce.

Aikin hakimi da magatakarda

Ba a nemi hakimi ya tambayi kowace mace sirrinta ba, bai ma dace ba. Abin da ake so, in sunayen maniyyatan gunduma sun fito daga hukumar alhazai ta jiha, magatakarda ya rubuta wa shugaban asibitin gunduma a keɓe rana ta mata zalla, inda ungozoma ko malamar asibiti za ta auna jininsu ta yi musu lissafi. Dagatai da masu unguwanni su sanar da magidanta, a yi shi kafin azumi ya fita.

A gayyaci malama mai ilmin fiƙihu ranar nan, domin hukuncin ɗigon jini na malamai ne, ba na likita ba. Za ta kuma gaya musu cewa malamai da yawa sun halatta jinkirta haila in babu cutarwa, cewa an ɗauke wa mai haila ɗawafin bankwana, kuma a mazhabar Malikiyya lokacin ifada ya miƙe har ƙarshen Zulhajji. Matar da jirginta na dawowa bai matsa ba tana iya jira ta yi tsarki ta yi ɗawafinta, ba tare da ta sha ƙwaya ko ɗaya ba.