Ma'aikacin da Ke Ɓoye Katin Shaidarsa

Akwai ma'aikacin da ke cire katin shaida ya tura aljihu da zarar ya fita daga ofis. Idan aka kawo masa ƙorafi, amsarsa ɗaya ce: "Ni ba ruwana, daga sama ne." Albashi yake karɓa, amma ya raba kansa da sunan ma'aikatar. Ana yawan ganin haka a bankuna da kamfanonin rarraba wutar lantarki a Najeriya, waɗanda aka sayar wa 'yan kasuwa a 2013, inda mai raba takardar kuɗin wuta ke shan zagin unguwa kan farashin da ba shi ya yanka ba.

Shugabanni da yawa suna kiran wannan lalaci ko rashin tarbiyya. Kuskure ne babba. Malalaci bai damu da sunan da ke jikin rigarsa ba. Wanda ke jin kunyar a danganta shi da wurin aikinsa galibi mai kishin mutuncinsa ne, ya ga ana cutar jama'a ko ana cutarsa, ya ƙi a shafa masa laifin. Ba gaskiya ba ne kuma cewa zai ajiye aikin da kansa. Saboda ƙarancin aiki yakan zauna shekara da shekaru, ya ga ɓarna ya kau da kai, sabbin ɗauka kuma su koyi halin a wajensa.

Dalilan wannan hali sanannu ne: aikin kwantiragi ta hannun dillalai, jinkirin albashi da ƙarin girma na sanayya.

Abin da ya kamata a guje wa shi ne tilastawa. Ɗinka riga mai tambarin kamfani, taron bita a otal, ko umartar ma'aikata su yabi kamfani a Facebook, duk ƙara tunzura su suke yi. Mutumin da ke bin bashin albashin wata uku, a ce ya yi murmushi a hoto, an ci fuskarsa ne.

Gyara daga haƙƙi yake farawa. Dokar Ƙwadago ta wajabta ba ma'aikaci rubutattun sharuɗɗan aikinsa cikin wata uku. Dokar fansho ta 2014 ta ɗora wa ma'aikata zuba kashi 8 cikin ɗari na albashinsu, mai kamfani kuma kashi 10. A zuba su a kan lokaci. Sannan a ba mai fuskantar jama'a ikon warware ƙananan ƙorafe-ƙorafe da kansa. Ma'aikacin da aka danne wa haƙƙi kuwa, ya kai kukansa ga ƙungiyar ƙwadago ko Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, kada ya huce a kan talakan da ya zo layi.