Darasin Harsuna: Sunayen Ingilishi da Takwarorinsu a Harshen Fotugis

Duk wanda ya tsaya a bakin ƙofar Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa da ke Yelwa cikin birnin Bauchi, ko ya ratsa kasuwar Yelwan Tudu, zai ji ɗalibai da 'yan kasuwa suna magana da buroka. Zai ji ana cewa pikin, ana cewa sabi, ana cewa palaba. Yawancin masu faɗinsu suna zaton gurɓataccen Ingilishi ne, alhali kuwa asalinsu Fotugis ne, watau harshen mutanen Fotugal. Pikin daga pequenino take, ɗan ƙarami ke nan. Sabi daga saber, sani. Palaba kuwa daga palavra, wadda ma'anarta kalma ce kawai, amma da ta zo bakinmu sai ta zama rigima.

Dalili shi ne, jiragen ruwan Fotugal sun iso gaɓar tekunmu wajen shekarar 1472, tun Ingilishi bai san hanya ba. Su suka raɗa wa Ikko suna Lagos, watau tafkuna. Kogin Escravos na Jihar Delta, kogin bayi ke nan, sunan da ke tuna mana da mugun cinikin da aka yi a wurin.

Jama'a, harshen nan ba tarihi kaɗai ba ne. Mutane fiye da miliyan 200 ke magana da shi a yau. Shi ne harshen hukuma a Birazil, Angola, Mozambik, Gini Bisau, Tsibiran Cape Verde da Sao Tome, yana kuma cikin harsuna uku na aiki a ƙungiyar ECOWAS, wadda aka kafa a Ikko a 1975. A shekarar nan ce kuma gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta amince da gwamnatin MPLA a Angola. Saboda haka ɗalibi, da ɗan kasuwa, da ma'aikacin gwamnati, kowa na iya wayuwar gari da takardar Fotugis a hannunsa.

To, ga inda haɗarin yake. Fotugis 'yar Latin ce, Ingilishi kuma ya ari kalmomi masu ɗimbin yawa daga Latin ɗin da Faransanci, don haka sunaye da dama suka yi kama. Hospital asibiti ne a harsunan biyu, hotel ma haka. Sai mai karatu ya saki jiki, ya ɗauka kowace kalma haka take. Amma fa kama da wane ba ta wane.

Ɗauki kalmar parents ta Ingilishi, watau iyaye. A Fotugis akwai parentes, amma dangi take nufi gaba ɗaya. Iyaye pais ne. Wanda ke cika takardar neman biza ya rikita waɗannan biyu, ya jawo wa kansa wahala. Office shi ne escritório, oficina kuwa wurin makanikai ne ko maƙera. Library ita ce biblioteca, inda ake aron littafi. Wanda ya shiga livraria sai ya biya kuɗi, domin kantin sayar da littattafai ne. Lunch, abincin rana, almoço ne, lanche kuwa ɗan abin taɓawa ne. In an gayyace ka lanche, kada ka tafi da yunwa.

'Yan kasuwa su kasa kunne da kyau a nan. Fabric a Ingilishi yadi ne, amma fábrica masana'anta ce. Yadi tecido ne. Tax, haraji, shi ne imposto, taxa kuwa kuɗin wani aiki ne ko ma'aunin riba da canji, kamar taxa de câmbio, farashin canjin kuɗi. Mafi muhimmanci ita ce kalmar data. Yaran Yelwa sun san data abin da ake sa wa waya don shiga intanet. A Fotugis data kwanan wata ce. Idan ka ga data de validade a jikin gwangwani ko kwalbar magani daga Birazil, ranar ƙarewar amfaninsa ake gaya maka, data de fabricação kuma ranar da aka yi shi. Suna fara rubuta rana, sa'an nan wata, sa'an nan shekara, kamar yadda muke yi.

Wajen amfani da sunayen nan cikin jimla, Bahaushe ya fi Bature sa'a. Ingilishi bai damu da jinsin tebur ko littafi ba, the ta isar wa kowa. Fotugis kuwa kamar Hausa take, kowane suna namiji ne ko tamace. Namiji yana ɗaukar o a gabansa, tamace a: o livro, littafi; a escola, makaranta; a água, ruwa. Abin mamaki, sunayen mata a Fotugis galibi da harafin a suke ƙarewa, daidai da riga, hula da makaranta. Kuma kamar yadda gida da nama suka ƙare da a amma maza ne, haka o dia, yini, da o problema, matsala. Sai dai jinsin ba ya bin namu kullum: gida namiji ne a wurinmu, a casa kuwa tamace ce. Lalle ne mai koyo ya haddace kowane suna tare da o ko a ɗinsa. Jam'i bai kai namu wuya ba, galibi s ake ƙarawa: livro, livros, casa, casas.

Har wa yau kunnen Bahaushe ma yana iya ruɗinsa. Table a Fotugis mesa ce, kada wani ya zabura don an ce ya zauna kusa da mesa. Mouth, baki, boca ne, ana faɗinsa kamar boka. A ƙasar Fotugal in an ce mota, babur ake nufi; motar da muka sani carro ce.