Hoton Ƙwaƙwalwa da Ciwon Tabon Jijiyoyi

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, idan idonka ɗaya ya dushe, ko ƙafa ta mutu na kwanaki ko makonni, ta warke, bayan watanni abin ya dawo a wani wuri, kada ka ce sammu ne. Ka zo asibiti.

Mene ne ciwon?

Jijiyoyin ƙwaƙwalwa da na laka suna da rufi, kamar robar da ke jikin wayar lantarki. Akwai ciwon da garkuwar jiki ke cin wannan rufi, ya bar tabo nan da can, saƙo ya kasa wucewa sosai. Da Faransanci ana ce masa sclérose en plaques, da Turanci MS. Yakan fara tsakanin shekara 20 da 40, ya fi kama mata. Ya fi yawa a ƙasashen sanyi, a wajenmu bai cika faruwa ba. Ba a ɗaukarsa daga wani.

Me ya sa likita zai tura ka birni?

Hoton ƙashi da muke ɗauka a nan ba ya nuna tabon. Sai na'urar IRM, wadda wasu ke kira MRI, a manyan birane kamar Yawunde da Yamai. Da maganaɗisu take aiki. Tabon yakan fito fari-fari. Wani lokaci ana yin allura a jijiya, domin a bambanta sabon tabo da tsoho. Wasu na'urori suna auna sinadaran da ke cikin tabon ma: akwai wanda ke raguwa in jijiya ta lalace, akwai mai ƙaruwa in rufin yana rushewa.

Amma ba kowane tabo ne wannan ciwo ba. Hawan jini, tarin fuka, ƙanjamau da tsutsar alade su ma suna barin alama a ƙwaƙwalwa. Don haka likita zai haɗa hoton da labarinka, da gwajin jini, wani lokaci da ruwan bayanka.

Ranar hoto

1. Cire duk wani ƙarfe: 'yan kunne, awarwaro, makulli, waya, laya.
2. Faɗa musu in akwai ƙarfe a cikin jikinka, kamar harsashi, ƙarfen ɗori, ko ɓarɓashin walda a ido. Maganaɗisun yana iya motsa shi.
3. Mai ciki da mai ciwon ƙoda su faɗa tun kafin allura.
4. Za ka kwanta shiru wajen minti 30 zuwa 60. Na'urar tana da ƙara, amma ba zafi.
5. Dawo mana da hoton da takardarsa. Ka adana su, domin da su za a gwada hoto na gaba.

Ka tuna

Har yanzu ba maganin da ke kawar da ciwon, amma akwai masu rage dawowarsa, sun kuma fi amfani in an fara da wuri. Wanda kuwa rabin jikinsa ya shanye farat ɗaya, ko bakinsa ya karkace, wannan ba ya jira. A kawo shi yanzu-yanzu.