Harajin Gida da Gona a Birnin Kano

Ya kai mai karatu, ka sani haraji ya girmi zuwan Turawa. A zamanin da, manomi yana biyan kuɗin ƙasa, marinin Ƙofar Mata yana biyan kuɗin karofi, mai shanu kuwa jangali, ga kuma zakkar hatsi. Masu karɓa sun yi yawa, kowanne sai ya ɗebi rabonsa kafin saura ya isa fada.

Turawa suka ci Kano cikin 1903, aka naɗa Sarki Abbas. Cikin 1906 aka yi dokar haraji, don a tattara kuɗaɗen nan a san adadinsu. Daga baya aka kafa baitulmali, aka yanka wa hakimai albashi. Aka kuma fito da taki, watau malamai su auna gonar mutum da takun ƙafa, su rubuta, ya biya gwargwadon faɗinta. Gida ma aka sa masa nasa kuɗin.

To, wannan gyara ne, amma da aibi. Taki faɗin gona yake aunawa, ba ya auna abin da ta bayar. Da aka yi fari cikin 1913, yunwa ta biyo baya cikin 1914, gona tana nan yadda take a littafi, rumbu kuwa ba kome. Haka nan gida. Sau da yawa za ka ga babban gida na gado a cikin birni, da zaure da soraye, amma mai shi tsoho ne, sana'a ta ƙare masa. In an dubi ginin kaɗai aka yanka masa, an zalunce shi. Shi ya sa ake bukatar mai unguwa mai gaskiya, gama shi ya san mai hali, ya san wanda ya kwana da yunwa.

Kada kuma ka ce haraji ba shi da amfani. Da kuɗin baitulmali aka kawo wa Kano ruwan famfo da lantarki cikin 1931, zamanin Sarki Abdullahi Bayero. Amma nauyin ya yi ta danne talaka, har Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali cikin 1979. Yanzu tsarin mulki na 1999 ya ba ƙananan hukumomi, kamar Dala da Gwale, ikon kimanta gidaje don karɓar kuɗi.

Saboda haka riƙe abu uku. In an yanka maka, tambayi yadda aka yi lissafin. In ya fi ƙarfinka, kai kuka tun da wuri, ka roƙi rangwame ko biya kaɗan kaɗan. In ka biya, karɓi rasit, ka karanta da kanka, ka adana. Ga amfanin karatu ke nan, wanda ya iya shi ba a karɓa masa sau biyu.