Katin da aka ce ba shi da iyaka

Tambaya: Malam, ina zaune a Amurka, ina sayen kayan gyaran mota ina turawa gida. Wata uku ke nan da na karɓi kati irin wanda ake biyan bashinsa duka a ƙarshen wata, aka ce ba a yanka masa iyakar kashe kuɗi ba. Amma da na zo biyan dala 14,000 sai katin ya ƙi. Yaudara ce?

Amsa: Ba yaudara ba ce, Alhaji, sai dai bakin masu talla akwai santsi. Cewa suka yi ba a yanka iyaka tun farko ba, ba su ce babu ita ba. Iyakar tana nan, ba a dai rubuta maka ita, kuma ba ta zama wuri ɗaya.

Ka tuna yadda ake ɗaukar kaya a Kantin Kwari. Ubangida ba ya zaunar da sabon yaro ya ce masa iyakarsa kaza. Turmi ashirin zai fara ba shi, ya zuba ido. In ya kawo kuɗi a kan lokaci, gobe a ba shi dila. In kuwa ya zo a mako na biyu yana neman kayan tirela, za a ce ya dakata, ko da bai taɓa cin kwabo ba. Haka wannan kati yake tun asalinsa, daga Diners Club da ya fito a 1950 zuwa na American Express a 1958: a ci yanzu, a biya duka in wata ya ƙare. Bambancin kawai, yau kwamfuta ce ubangidan. Duk lokacin da aka goga katin, sai ta auna abin da ka saba kashewa, da yadda kake biya, da kuɗin shigar da ka faɗa musu, da tarihin bashinka a wasu wurare, sannan ta amince ko ta ƙi.

To kai wata uku kacal ka yi. In abin da ka saba bai wuce dala 2,000 a wata ba, tsallen zuwa 14,000 ya isa ya sa a taka birki. Wataƙila ma zaton ɓarawo aka yi.

Kafin babbar sayayya, ka tambaya. American Express, alal misali, yana da wuri a manhajarsa da za ka rubuta adadin da kake son kashewa a gaya maka nan take ko zai wuce, kuma wannan dubawar ba ta taɓa makin bashinka. In an ƙi, ka kira lambar da ke bayan katin ka yi bayani. Abin da ya fi saurin buɗe hanya shi ne biyan abin da ke kanka tun kafin wata ya ƙare, don bashin da ba ka biya ba tukuna yana cinye wurin sabo. Kuɗin shigarka in ya ƙaru, ka sabunta musu, amma gaskiya zalla. Ina jaddada wannan ne domin in kashe kuɗinka ya wuce abin da ka ce kana samu, suna iya dakatar da katin su nemi takardun banki da na harajinka, kuma in lissafi bai haɗu ba, su yanka maka iyaka a fili ko su rufe shi gaba ɗaya. Biyan da ya dawo saboda asusu ba kuɗi shi ma yana zubar da amana fiye da yadda ake zato.

Sai ka lura da wani tarko. Yawancin waɗannan katuna yanzu suna da tsarin biya sannu a hankali. Shi yana da iyakarsa a rubuce, kuma da kuɗin ruwa. In gudun riba ne ya kai ka ga katin, kamar mutanenmu da yawa, ka duba ko an kunna maka tsarin, ka kashe shi.

Ni dai ba zan jingina kayan da jirgin ruwa ke jira a kan katin da ban san ƙarfinsa a ranar ba. Ka duba tun ana saura kwana biyu, kuma ka tafi da shirin tura kuɗin ta banki.