Rancen Karatu da 'Yan Damfara: Abin da Ɗalibi da Iyayensa Ya Kamata Su Sani

Ranar 3 ga Afrilu, 2024, Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan sabuwar dokar ba ɗalibai rancen karatu. Ranar 24 ga Mayu hukumar NELFUND ta buɗe shafin neman rancen. Ba a jima ba 'yan damfara suka buɗe nasu.

Wanda ya san yadda rancen yake, da wuya a cuce shi. Rance ne marar ruwa. Kuɗin makaranta ba a danƙa wa ɗalibi a hannu, hukumar ce ke zuba shi kai tsaye a asusun jami'a ko kwalejin gwamnati da yake karatu. Abin da ke shiga asusun ɗalibi shi ne kuɗin ɗawainiya, Naira 20,000 a wata, ga wanda ya nema. Ana fara biya shekara biyu bayan kammala hidimar ƙasa, kashi 10 cikin 100 na albashi. Nema kuwa kyauta ne, ɗalibi da kansa yake cikewa a nelf.gov.ng. Babu dillali, babu kuɗin fom.

To, ta ina macuci ke shigowa? Saƙo ne zai faɗo a WhatsApp, ga tambarin gwamnati ras, an ce saura kwana biyu a rufe, kuma a tura wa mutum goma. Ɗalibi ya latsa, ya ga shafi kamar na gaske, ana neman lambar NIN da BVN. A nan ne ruɗanin yake, domin shafin gaskiya ma yana neman waɗannan. Bambancin shi ne na bogi yana ƙarawa da lambar katin ATM da lambar sirri. Can da yamma sai waya ta yi ƙara, murya mai ladabi ta ce, "Barka, sunanka ya fito. Karanto mini lambar da aka turo maka yanzu, a sakar maka kuɗinka." Lambar nan ita ce makullin asusu. Da ya karanta, kuɗin da uwarsa ta haɗa na rajista sun tafi.

Shagunan kwamfuta na bakin ƙofar makaranta ma a kula da su. Yawancinsu sana'a suke yi ta halal, amma ɗalibin da ya bar mai shago ya buɗe masa imel, ya zaɓa masa kalmar sirri, ya tafi cin abinci, bai san asusun wa aka rubuta ba. Ɗalibi ya zauna a cike a gabansa, ya duba lambar asusun da idonsa.

Haka batun tallafin karatu a ƙasashen waje. Chevening ta Birtaniya ba ta karɓar kuɗin nema. Duk wanda ya ce yana da "hanya" a ciki, a ba shi na goro ya sa suna, maƙaryaci ne.

Wanda aka riga aka cuta kada kunya ta rufe masa baki. Ya kira bankinsa nan take a toshe katin, ya ajiye saƙonnin da lambar da aka kira shi, ya kai ƙara ga 'yan sanda ko EFCC. Iyaye kuma, in yaro ya bugo daga makaranta yana neman kuɗin "fitar da rance", kada ku tura. Ku ce ya fara zuwa ofishin kula da harkokin ɗalibai ya tambaya.