Baitoci da Sharhi a Kan Tsintar Lugga Cikin Littattafan Hikaya

Ya ɗan'uwa mai bin littafin hikaya,
Matso in faɗa maka yadda za ka bi hanya.
Kalma baƙuwa in ta tare ka a shafi,
Ɗiga mata tawada, wuce, kada ka tsaya.
Maƙwabtanta su ne shaidunta na farko,
Ka tambaye su, su ba ka labarin gaskiya.

Sharhi: Ka sani, ya kai ɗan'uwa, koyon lugga ta hanyar labari ba sabon abu ba ne wurin malamanmu. Tun da daɗewa, idan almajiri ya yi nisa a zaure, akan ɗora masa Maƙamatu ta Hariri, mutumin Basra wanda ya rasu a 516 Hijiriyya, watau 1122 Miladiyya. Maƙama 50 ce, dukkansu labarin wani tsoho ne mai wayo da zalaƙar harshe, ana ce da shi Abu Zaidin Saruji. Malamai ba don wayon Abu Zaidi suke karantar da ita ba, sai domin kalmomin Larabci masu wuya da aka cusa a cikinta, gama kalmar da ta zo a cikin labari ta fi zama a zuciya bisa ga wadda aka jera a allo.

To haka yake a Hausa. A 1933 Rupert East na Hukumar Fassara ta Zariya ya sa gasar rubuta labari, daga nan aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, aka fara buga su a 1934. Hausar da ke cikinsu ta mutanen da suka tarar da dattawan da suka ga yaƙi da bauta da fataucin ayari ce. Saboda haka yaron da ya tashi a Kumasi ko Ankara ko Yamai ko Garwa, in ya buɗe ɗayansu, ba zai yi nisa ba sai wata kalma ta tare shi. Da yawa a nan suke rufe littafin, su ce Hausar ta yi musu tsauri, daga nan kuwa sai su bar karatun Hausa ɗungum. Abin da baitocin nan suke son hanawa ke nan.

Ma'anar baiti na biyu, kada ka yanke karatu saboda kalma guda. Ka sa mata ɗigo a gefen shafi, ka ci gaba har ƙarshen babi. Wanda yake tsayawa a kowane layi yana neman ƙamus, kafin ya dawo ya manta wa ya fita, wa ya shigo, labarin ya huce kamar tuwon jiya. Sau da yawa ma kalmar za ta sake zuwa a gaba, ta bayyana kanta. Misali, ka ga an ce matafiya sun cika salka kafin su shiga daji, can gaba aka ce salkar ta tsage, ƙishirwa ta kama su. Ko ba ka taɓa ganin salka ba, ai ka gane mazubin ruwa ce, kuma tun da tana tsagewa, ba tulu ba ce. Ta fata ce. Waɗannan su ne maƙwabta da aka ambata a baiti na uku, watau kalmomin da ke gabanta da bayanta, abin da malamai ke kira siyaƙi.

Tambihi: rubutun boko na yau da kullum ba ya nuna karin sauti, ba ya nuna tsawon wasali. Gari na mutane da garin dawa rubutu ɗaya ne, haka kukan yaro da kukar miya. Ba mai raba su sai maƙwabta.

Wadda ka sani ita ce ta fi ruɗarwa,
Tana da tsohuwar riga ajiye a baya.
Zango a yau unguwa ce gare mu,
A jiya masaukin ayari ne da kaya.

Sharhi: A nan ake so ka nutsu, domin a nan ne zamewa ta fi yawa. Kalmar da ba ka sani ba tana tsayar da kai da kanta. Amma wadda kake zaton ka sani, sai ka wuce ta da sauri, alhali marubucin wata ma'ana yake nufi daban. Mutumin Gana in ya ji zango, abin da ke zuwa masa shi ne unguwar Musulmi, mai masallatai da makarantu da gidajen da aka haifi kakanni. A tsohon littafi kuwa zango wurin da ayari ke sauke kaya ne ya kwana, gari ya waye ya tashi. Har ma da shi ake auna nisa, a ce tsakanin gari kaza da gari kaza zango uku ne, ma'ana tafiyar kwana uku. Wanda ya fassara wannan da unguwa uku ya ɓata labarin, bai kuwa san ya ɓata ba.

Ma'anonin biyu kuwa uwarsu ɗaya. Fataken goro da suka riƙa zuwa Gwanja su ne suka kafa masaukai a bakin garuruwa, wasu suka zauna suka yi aure, masauki ya zama unguwa. Bayan yaƙin basasar Salaga a 1892 'yan kasuwa suka watsu zuwa Kete Karachi da sauran garuruwa, zanguna suka ƙaru. Ka ga ashe mai karatun da ya bi kalma guda a hankali, tarihin gidansu ya tono.

Haka kuma sunayen mutanen ayari: madugu shi ne shugaba, jagaba shi ke gaba yana duba hanya. A yau ana kiran 'yan siyasa da waɗannan sunaye, mai ji ba ya tuna jaki ko mangala. A littafi irin Shaihu Umar, wanda yake labarin yaron da aka sace, wani Balarabe mai suna Abdulkarim ya ƙetare Sahara da shi, uwarsa ta bi sawunsa, dole ne mai karatu ya san kalmomin wancan zamani. Rinji ƙauyen bayi ne masu noma wa ubangidansu. Murgu kuɗin da bawa ke biyan ubangidansa ne domin a bar shi ya yi sana'ar kansa. Bacucane shi ne wanda aka haifa cikin bauta. Kalmomi ne masu ɗaci, amma wanda bai san su ba, ba zai san nauyin abin da mutanen nan suka ɗauka ba.

Nemo uwar kalma ka san dangin ta,
Saiwa guda ke ciyar da rassa da 'ya'ya.
Rubuta ta tare da jimlar da ka same ta,
Kalmar da ba jimla tamkar marainiya.

Sharhi: Idan ka kai ƙarshen babi, sai ka koma ga ɗige-ɗigenka. Waɗanda siyaƙi ya warware, bar su. Sauran ka nemi asalinsu. Wanda ya san jima, ya san majemi da majema. Wanda ya san rina, ya san marini da marina, gama "ma" ɗin farko yana nuna mai aikin ko wurin aikin. In kalma ta fara da "al", ka zargi Larabci, kamar alƙali da alƙalami. Ɗaliban Larabci sun saba da wannan aiki, domin Ƙamusul Muhiɗi na Fairuzabadi ba ya buɗuwa sai ga wanda ya san asali: mai neman kitabi sai ya tuɓe ta zuwa kafun da ta'un da ba'un, ya tafi babin harafin ƙarshe, sa'an nan fasalin na farko. Kalmar ƙamus ɗin ma daga sunan littafin nan ta bazu, asalin ma'anarta teku.

Ga Hausa akwai ƙamus na Bargery na 1934, da na Abraham na 1949, dukkansu da Turanci suke bayani, sai Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006 wanda yake bayyana Hausa da Hausa. Wanda karatunsa na lakwal da Faransanci ne, wannan na ƙarshe ya fi masa sauƙi. Amma a ganina, in akwai tsohuwa a gida ko dattijo a ƙofar masallaci, a fara da su, domin ƙamus zai ce maka taiki jakar fata ce, shi kuwa dattijo zai gaya maka yadda ake ɗaure shi a bayan takarkari, ka kuma ji yadda ake furta kalmar.

Sai ka tanadi ɗan littafin rubutu na musamman. Kada ka wuce kalma biyar ko shida a babi guda, ka zaɓi waɗanda suka maimaitu. Ka rubuta kowace da jimlarta da lambar shafinta, a ƙarƙashi ka ƙaga taka jimlar. Kafin ka buɗe sabon babi, ka karanta na jiya da ƙarfi, ka rufe ma'anar da hannu ka ga ko za ta zo. Wadda ta ƙi zuwa har sau uku, ka kai ta wurin hira da dare, ka yi magana da ita a gaban manya, su gyara maka.